Kazar da Aminiyata Ta Ba Ni Ajiya

Kafin Turawa su tafi, ina zaune a unguwar Moshi Zango, can kudu, ina kiwon kaji a bayan ɗakina. Wani malamin gona ya taɓa nuna mana yadda ake kare 'yan tsaki daga farin zawo, na kuwa riƙe. Ruwan shansu sai na tafasa ya huce. Kaskonsu kullum sai na wanke, na share akurki na barbaɗa toka. Baƙuwar kaza ba ta shiga sai ta yi kwanaki a ware.

Ina da aminiya a unguwar Krofrom. Mota ɗaya ta kawo mu daga arewa, ni na yi mata wankan jego. Wata safiya ta zo da kwando a kai, kaza da 'ya'yanta a ciki.

"Yaya, zan je biki Bantama. Ki haɗa min su da naki."

Na ce, "Bari na kife su a gefe tukuna."

Ta ɓata rai. "Haba Yaya! Nawa ne fa. Wallahi lafiyarsu ƙalau."

Kunya ta kama ni, na buɗe akurkin.

Ba a yi mako ba, 'yan tsakina suka fara takurewa waje ɗaya, fuka-fuki a sake, farin kashi ya manne musu a gindi. Safe in kwashe matattu, yamma in kwashe. Har waɗanda na ci buri a kansu saboda Sallah suka tafi.

Na je Krofrom in ba ta haƙuri, don nata ma sun mutu a hannuna. Ban same ta ba, sai maƙwabciyarta, wata Ba'asantiya mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye.

"Ei, Maame, wane biki? Tana nan. Ciwo ne ya cinye kajinta, ta ce za ta kai sauran wurinki, wai gidanki da tsabta, ko za su tashi."

Na juya na kama hanyar gida. Da aminiyata ta faɗa min gaskiya, ai da na ware su na yi jinyarsu.

Na ƙone akurkin, na kankare ƙasar wurin, na bar rana ta gasa shi kafin na sake kiwo. Da ta zo daga baya, ta durƙusa ta ce, "Yaya, tsoro na ji kar ki ƙi."

Na ce Allah ya kyauta. Mun ci gaba da gaisawa a suna da jana'iza har ta rasu, amma ban ƙara kwance mata cikina ba.