Takalmin da Aka Cire a Gindin Tsamiya

A jami'a na koyo wasan, na dawo da shi Gwarzo lokacin da na fara koyarwa. Ba shi da wuya. Ni nake ba da labari, kowane ɗan wasa yana riƙe da mutum ɗaya a ciki, ya faɗi abin da mutumin nasa zai yi, sai a jefa ƙwayar lido ta nuna ko ya dace. Duk Lahadi bayan la'asar muke zama a zaurenmu, mu biyar a kan tabarma, ni da littafina mai jan bango wanda nake rubuta dokokin ƙasar da na ƙago.

A cikinsu akwai ɗan ƙanwar mahaifiyata, magidanci ne, manomi a Durun, na girme shi da shekara shida. Yana da in'ina mai tsanani tun yana yaro, har a wurin ɗaurin aurensa ban ji ya haɗa kalma biyar ba. Amma a wasan ya zaɓi ya zama wani bafatake mai bakin tsiya, kuma da zarar ya ce "bafatake ya ce", sai harshen ya warware. Ya yi ciniki, ya yi zolaya, ya ba mu dariya har da riƙe ciki. Saboda wannan bafataken yake tuƙo babur daga can kowane mako.

Ni kuwa ina da wani hali, in labari ya cije mini sai in ƙago wani abu nan take in wuce. Wata Lahadi magariba ta kawo jiki, su kuma sun tsaya a bakin kasuwar aljanu sun ƙi shiga sun ƙi komawa. Don in sallame su, sai na sa wata tsohuwa ta gaya musu cewa duk wanda ya cire takalminsa a gindin tsamiyar bakin kasuwa ya shiga ba takalmi, aljani ba zai taɓa shi ba. Na ɗan rubuta a gefen shafi, muka tashi alwala, na manta.

Bayan wata biyu na sa aljanu suka sace mutumin da ɗaya daga cikin 'yan wasan yake riƙe da shi. Na shirya faɗan da za a yi a kasuwar, shafi uku cur, ina ji da shi kamar sabuwar riga. Muna zama sai ƙanen nawa ya gyara zama ya ce, "Bafatake ya cire takalmi a gindin tsamiya. Zai shiga ya riƙo hannun ɗan'uwansa su fito."

In na yarda, shafi ukun nan sun tashi a banza. Na ce, "Wane takalmi kuma? Babu wannan dokar."

Ya ce, "Akwai, Yaya. Tsohuwar nan ce ta faɗa, ranar da akuya ta kifar mana da zoɓo."

Sauran suka ce a duba littafi. Na buɗe, na juya, sai ga shi da rubutun hannuna a gefen shafi: takalmi, tsamiya. Na rufe littafin na ce, "Na duba, babu."

Ya buɗe baki zai yi magana, kalmar ta maƙale. Ya yi ta fama da harafin farko, wani a cikinmu ya yi dariya, ban tsawata ba. Da ƙyar ya samu ya ce, "To Yaya, wataƙila ni ne na manta." Aka yi faɗan. Ƙwayar lido ta ƙi shi sau uku a jere, bafatake ya mutu a tsakiyar kasuwa ba takalmi a ƙafarsa. Faɗan ya yi kyau yadda na tsara, amma ban ji daɗinsa ko kaɗan ba.

Mako na gaba ya zo, na ba shi sabon mutum, wani maharbi. Ya karɓa ya yi godiya. Sai dai maharbin ba ya magana, in an zo kansa ya jefa ƙwaya ya nuna da hannu. Da ruwa ya sauka ya ce aikin gona ya yi yawa, bayan girbi ma bai dawo ba. Muna haɗuwa a suna da biki, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, ni kuma in kasa haɗa ido da shi.

Na daɗe ina gaya wa kaina wasa ne kawai. Sai bara da na je Durun duba mahaifiyarsa, na tarar da shi a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa na zauna na sa hannu, na ce masa ina da laifi a wurinsa. Na gaya masa dokar tana cikin littafin, na gan ta da idona, ƙarya na yi.

Bai daina ɓara ba. A hankali, yana tsayawa a kan kowace kalma, ya ce, "Ai na sani, Yaya. A kusa da kai nake zaune, na ga shafin."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya dube ni da mamaki na gaske, ya ce, "A gaban mutane zan ce yayana ya yi ƙarya?"

Na roƙe shi ya yafe mini, ya ce ba komai wallahi, tuni ya wuce. Na ce littafin yana nan, in yana so zan tayar da bafataken ranar Lahadi, ya cire takalminsa ya shiga. Ya yi murmushi ya tura mini kwanon gyaɗar, ya ce ya manta yadda bafataken yake magana.