Kifin da Ke Tafiya a Gaban Girish

Ina tsaye a layin ɗiban ruwa a Jabal Awliya saƙon ya shigo. Muryar maƙwabcinmu na Omdurman ce, ya aiko tun kwana uku, sai ranar waya ta kama. Ya ce, "Usmanu, al-baraka fikum. Habboba ta rasu." Na saurara sau biyu. Na cika jarkata, domin yara na jiran ruwa.

Habboba kakata ce, mahaifiyar babana. A Sawakin aka haife ta, bakin Bahar Maliya. Iyayenta sun taso daga ƙasar Kano a ƙafa za su Makka, suka tsaya can shekaru, mahaifinta yana bin masunta. Mu jikokinta ba mu san ruwa ba sai Nilu. Bayan magariba takan fito da kanun, murhun gawayi, tsakar gida, ta ɗora jabana, tukunyar gahawa, mu kewaye ta. Ni take fara tsokana.

"Matso, maigida. Miji ba cefane, sai kunnen jin labari."

Sauran tsofaffin unguwa gizo da kura suke bayarwa. Ita kifi take ba mu. Wanda muka fi roƙo shi ne na wani kifin teku da masunta ke kira bayad, ba mai gashin baki na kasuwarmu ba. Ta ce yana ƙarami bai wuce yatsa ba, rawaya ne mai haske da baƙaƙen zane, kowa a ruwa yana hango shi, kowa yana son haɗiye shi. Sai ya rasa maɓoya. Sai ya tafi wurin girish, ƙaton kifin nan mai cin mutane, ya riƙa iyo daf da hancinsa. Girish ya juya, shi ma ya juya. Girish ya nutsa, shi ma ya nutsa. Ba mai kusantarsa saboda tsoron ubangidansa, shi kuma girish ya raina shi, bai kai loma ba.

"Wallahi da idona na gani daga kwalekwalen babana," in ji ta. "Su biyar a gabansa, kamar su ke nuna masa hanya."

A nan muke tafa hannu. Sauran labarin ba ma sauraronsa sosai. Takan ƙarasa da murya ƙasa-ƙasa, tana kaɗa gawayi: idan ya girma launin ya kan koɗe ya koma kamar azurfa, haƙoransa su zube, ya bar girish, ya koma tsotsar yashi a ƙasan teku yana neman abin da zai ci.

Da yaƙi ya shigo Khartoum da Omdurman, masu bindiga suka tare a gidan da ke manne da namu. Na kwashe matata da yara zuwa Jabal Awliya. Habboba ba ta iya doguwar tafiya, ga ciwon sukari. Ƙanwata ta ce mu ɗauke ta ko a amalanke. Ni na hana. Na ce hanya ta fi haɗari, kuma ba ɓarawon da zai shiga layin da waɗannan suke, su kuma me za su yi da tsohuwa? Har na tuna mata kifinta, ina son ta yi dariya.

Ta dube ni ta ce, "Ya waladi, yarona, wannan ai yana ƙarami ne."

Na ce sati biyu zan dawo. Aka rufe gadar Nilu da za ta kai ni Omdurman.

Lissafina bai yi kuskure ba ta gefe ɗaya. Ba su taɓa ta ba, ba ɓarawon da ya shiga. Amma mai kawo magani ma bai shiga ba, mai ruwa ya daina zuwa, maƙwabta suka watse sai mutum ɗaya. Tsoron da ya kore mata mugu shi ya kore mata kowa. Shekara talatin ina ɗauke da rabin labari, ina zaton dabara ta koya mana. Yanzu ban san abin da ta koya mana ba. Wataƙila abin da ta gani kawai ta faɗa.

Maƙwabcin ya ce ba halin kai gawa maƙabarta. Shi da wata mata suka yi mata sutura, suka haƙa a tsakar gida, gefen bishiyar lemun tsami. Ya sa bulo biyu alama.

Har yau ban je ba, kuma ba mu mayar da ita maƙabarta cikin mutane ba.