Raƙumin Sata a Kan Teku

Mun sha wuya muna yara, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Rijiyar ƙauyenmu a gefen Sabon Maci da jaki ake jan gugarta, ni nake korar jakin tun hantsi har igiya ta cinye mini tafin hannu. Lakwal, makarantar boko, aji biyu na yi aka cire ni. Daɗin da nake tunawa guda ne. Lokacin ɗari, in an ci tuwo, kakata Iya Hasi takan hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take ce wa angonta, wai ba ta taɓa ganin ango mai majina irina ba.

Tana da labaran kura da zomo kamar kowace tsohuwa. Amma akwai guda wanda ba ta dariya a cikinsa. Sai ta tona wuta ta ce, "Ku matso, yau raƙumin sata ne."

Wai a zamanin yaƙin Jamus kumandan na Faransawa ya aiko a ba shi mazaje. Aka ɗauki wani makiyayin raƙuma daga wajen Tagriss, ya bar matarsa da goyo. Suka yi ta tafiya kudu har ƙasa ta ƙare, aka nuna musu jirgin ruwa. Jirgin na fataken Jamus ne, Faransawa suka kama shi a teku, suka kwashe kayan, suka zuba sojoji inda ake jibge buhuna. An shafe sunansa da fenti an rubuta sabo.

Makiyayin bai iya karatu ba, amma ya san shaida. Mai raƙumi ba ya hawa dabba sai ya duba lalas ɗin da mai ita ya yi mata. Ya ɗaga kai, ya ga tsohon rubutu ya kumburo ƙarƙashin sabo, lalas a kan lalas. Ya toge a bakin tsani, ya ce shi ba ya hawa dabbar sata, don ba ta kai mutum gida. Aka sa masa gindin bindiga a baya, ya hau.

Cikin jirgin zafi ne da wari da tari. Tarin ya kashe shi tun ba su ga ƙasa ba. Aka naɗe shi a bargo, aka ɗaura masa ƙarfe, aka sake shi cikin ruwa. Bayan shekaru wani abokinsa ya komo da hannu ɗaya, ya kawo wa matar rawaninsa.

Mukan tambaya, to matar fa?

"Tana nan tana jira," in ji Iya. "Ba ta ga kabari ba, takabar wa za ta yi?"

Na ce ai wawuya ce. Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Wawuya ce ƙwarai, angona."

Sai ranar da Iya ta rasu mata suka ciro baƙin rawani daga ƙasan adudunta, babana ya ce na ubansa ne. Ashe ita ce matar makiyayin. Ashe manema nawa ta kora. Ashe shi ya sa in an ce ga mai raƙumi daga arewa, takan bar daka ta fita.

Shekaru na ɗauka darasin shi ne kada ka hau abin da ba ka san mai shi ba. Haka na faɗa wa ɗana Sale da ya ce zai bi ta Agadas ya tafi Libiya. Ya tafi. Damina biyu ke nan. Abokin tafiyarsa ya kira ni ya ce sun shiga kwalekwalen roba za su tsallaka teku, ya kife, shi an tsamo shi, Sale ba a gan shi ba.

Matarsa Rabi tana gidana da ɗanta. In wayata ta yi ƙara, sai in ga ta saki abin da ke hannunta. Ubanta ya aiko daga Ɗan Gulbi har sau biyu yana tambayar matsayin 'yarsa. Na ce ban ga gawa ba.

Ran nan da magariba na wuce ta tana hura wuta da kara, yaron a cinyarta, tana ce masa, "Babanka yana nan tafe, zai kawo maka takalmi." Na tsaya bayan danga. Can na gane abin da Iya take faɗa mana duk shekarun nan. Makiyayin ya mutu sau ɗaya ya huta. Ita ce aka bari, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin ce mata ta daina duban hanya.

Washegari bayan asuba na samu liman, na ce a yi wa Sale salla. Na komo na tarar da Rabi ta ɗauki tulu. Na ce, "'Yata, ajiye. Shiga takaba, Sale ba ya dawowa."

Ta ajiye, ta zauna a ƙasa. Mai takaba ba ta fita, don haka na ɗaura wa jaki igiya, na tafi rijiya na ɗebo mata ruwan ranar.