Ciki Uku na Mai Guga

A shagon wanki da ke ƙasan wani dogon bene, babu mai kiranta da wani suna sai Mai Guga. 'Yar gajera ce mai ƙarfin hannu, in ta bi kwalar riga da dutsen guga sai ka rantse yanzu aka ciro ta daga leda. Mijinta direban bas ne, suna haya a saman wani gida mai matsattsiyar matattakala, ba nisa da gidan yayarta wadda 'ya'yanta duk sun girma.

Cikin fari ko miyau bai sa ta zubar ba. Tana tsaye gaban teburi, tururi na dukan fuskarta, har ranar da ta ji bayanta ya riƙe. Ta ƙarasa rigar da ke hannunta, ta kashe soket, ta ce wa mai shago za ta leƙa asibiti. Kafin mijin ya samu wurin ajiye mota, yarinya ta faɗo. Ungozoma tana wanke hannu ta dube ta ta ce, "Baiwar Allah, haihuwa kika zo yi ko gaisuwa?" Ta daɗe tana ba da wannan labari. In ta ga mai ciki tana nishi sai ta yi mata tsiya, wai raki ne kawai.

Na biyu da wata fuska ya zo. Ƙamshin sabulun da ta saba da shi ya koma tayar mata da zuciya, ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai kwali take shimfiɗawa ta tsaya a kai. Da naƙuda ta zo, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Duk wadda ta duba ta sai ta ce saura kaɗan. Can wata nas ta ɗora na'urar sauraro a kan cikin, ta matsa nan, ta matsa can, sannan ta fita ta kira wata. Daga yadda suka rage murya Mai Guga ta gane. Duk da haka sai da ta yi nishin da kowace uwa ke yi. Namiji ne, gashi cike da kai, aka nuna mata shi a cikin zanen da ta goge da hannunta.

Ta koma gida nono ya cika yana jiƙa mata riga, yayarta ta ɗaure mata ƙirji da ƙyalle. Mijin ya ɗauke ɗan gadon da suka tanadar wa jaririn ya kai wa maƙwabta. Daga nan ba a sake jin ta yi wa mai ciki tsiya ba.

Sai da yarinyar ta shiga makaranta na uku ya samu. Wannan karon ko safar jariri ba ta saya ba. Hannu ɗaya a guga, ɗaya a ciki, in ya yi shiru ta kwankwaɗi ruwan sanyi ta tsaya cak sai ya motsa. Likitoci suka ce aiki za a yi mata. Daga bayan labulen da aka tare mata ƙirji da shi ta ji kuka, kuka mai ƙarfi, har ta roƙi kada a yi saurin rarrashinsa. Namiji ne, lafiyayye. Ta ɗauka wahala ta ƙare.

Ba a jima ba matattakala ta fara gagarar ta. Kowa ya ce gajiyar jego ce. Sai kwanciya ma ta gagara, in ta kwanta tari ya taso kamar ana danna ta cikin ruwa. Likitan da ya duba ta ya ce zuciyarta ce ta kumbura, ba ta tura jini yadda ya kamata, kuma hakan kan samu wasu mata bayan haihuwa. Wasu suna warkewa. Ya hana ta sake ɗaukar ciki, ya hana ta doguwar tsayuwa da ɗaukar kaya, ya ce saboda magungunan gara ta yaye yaron.

"Likita, shi yaron fa? Shi ma kaya ne?"

"Ki riƙe shi a zaune," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Ta gwada komawa shago. Rabin riga ta goge ta nemi bokiti ta kifa ta zauna. Mai shago ya yi mata kara, ya ba ta kujera tana ninke kaya, amma zafin wurin ya fi ƙarfinta, dole aka ɗauki wata. Mijin ya yi ta neman ɗaki a ƙasa bai samu daidai ƙarfinsa ba, ya koma jan motar dogon zango. In ya dawo ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, kowa ya kau da kai.

Yayarta ta fara ɗaukar yaron da rana, daga baya har kwana. Duk komawa asibiti amsar ɗaya ce, zuciyar tana nan yadda take. Ranar da yaron ya fara tafiya, a waya aka gaya mata.

Wata ranar hutu yayar ta hauro da shi, ta dire shi a bakin gado. Mai Guga, jingine da filo, ta miƙa masa hannu. Ya dube ta, ya juya ya cusa kai a zanen yayar yana kiran Mama.

Kunya ta kama yayar, ta ce, "Kai, ga Mamanka can."

"Bar shi, Yaya. Wadda ya sani ya kira."

Suka yi 'yar hira, yaron ya ƙi sakin zanen, da ya fara rigima yayar ta saɓa shi suka sauka. Mai Guga ba ta iya raka su ko bakin ƙofa ba. Ta jawo ledar magani, ta haɗiye na yamma, ta zauna tana jiran numfashinta ya daidaita.