Sista, Kin Bar Mini Tsaron Zaure

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Satumba, da hantsi, ƙaninki ya rubuta a zaurenmu na intanet cewa Allah ya karɓi ranki. Sau uku na karanta, ina fatan ni ce na yi kuskure, tun da har yanzu harafi-harafi nake bi.

Sista, ke kika kafa mana wannan zaure a intanet, na iyayen yara masu farfaɗiya, bayan kin ajiye aikin jinya. Kin ce manhajar ba mallakar wani kamfani ba ce, kowa na iya ɗauka ya gina nasa. A layin karɓar magani kika same ni ina kuka, kika karɓi wayata kika shigar da ni.

Kuma kin wahalar da ni, gaskiya. Sai da na haura arba'in na shiga ajin karatun manya, amma kika hana ni aika saƙon murya. Na rubuta "Ku taimaka" a kan tambayata, kika dawo mini da ita, wai in sa ainihin abin da ke damun 'yata, don wata uwa ta samu idan ta nema. Na sa hoton autata, kika cire nan take, kika ce yarinya za ta girma ta tarar da shi. In na yi tambaya, ki ce in fara bincikawa, an amsa tun bara. Da ƙarar waya ta sa tukunyata ta ƙone, kika koya mini kashe sanarwa in bar ta zancen da nake bi kawai. Da manhajar ta yi wa tsohuwar wayata nauyi, kika sa mini wata, kika ce ƙofa ce daban, ɗakin ɗaya ne.

Kwana uku da rasuwarki na ga sabbin maɓallai a ƙarƙashin kowane rubutu. Ƙaninki ya ce tun kina gadon asibiti kika sa ya mai da ni mai kula da zaure. Akwai malamai a cikinmu, akwai mai digiri biyu, ni kuwa da yatsa ɗaya nake rubutu. Wai cewa kika yi, "Ita ce matsoraciyarmu. Mai tsoro ba ya barin ƙofa a buɗe." Haba Sista, ko shawara babu?

Jiya wani baƙo ya shigo yana tallan ruwa a kwalba, yana cewa a daina ƙwayar asibiti. Wata ƙaramar uwa, ɗanta bai cika shekara uku ba, ta amsa masa cewa daga gobe za ta daina. Na zauna a bakin gado, ina jiran ki goge tallan. Da na tuna ba kya nan, sai na goge da kaina, na kore shi. Na rubuta mata layi huɗu, suka ci mini rabin awa. Yau da safe ta ce ta ba yaron maganinsa, Litinin za ta koma wurin likita.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa ɗawainiyar da kika yi da 'ya'yanmu ta zame miki inuwa. Ga mahaifiyarki, da 'ya'yanki biyu, da ƙaninki, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ni dai na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ban gama jin haushinki ba.