Ranar da Masunta Suka Zo Hannu Biyu

Da hantsin ranar Talata nake zaune a falonmu na unguwar Hindawiyya a Makka, littafi a cinyata, saura shafi kaɗan in ga ƙarshen labarin, sai wayar maigidana ta yi ƙara. Ammu Bashir ne, abokin sana'ar surukina. Maigidana ya saurara, ya dafa bango, ya yi salati. Surukin nawa, Baba Sale, ya rasu a bakin teku, a zaune ƙarƙashin rumfa, yana fuskantar ruwa. Har yau ban koma kan littafin nan ba.

Baba masunci ne. Iyayensa sun biyo ta Sudan suka zauna a Makka, shi kuwa ya gangara gaɓar Bahar Maliya ya kama sana'ar su da ƙaramin jirginsa. Duk Alhamis yakan zo gida da kifi cikin ƙanƙara. Amma a shekarata ta farko a gidan na lura da wani abu: da zafi ya shigo, sai ya riƙa zuwa hannu biyu, ba kifi, har wata uku. Ni da na saba da labaran littafi, nan take na ƙirƙiro masa dalilai. Na ce ko alwashi ya ɗauka. Na ce ko wani ɗan'uwansa ne ruwa ya ci a irin wannan lokaci. Ran nan ina miƙa masa shayi na cire kunya na tambaya.

Ya yi dariya har shayin ya zuba. "'Yar littafi, ba wanda ya mutu. Kifi ne ke jego."

Ya ce akwai wani lungu da teku ta shigo cikin ƙasa, suna kiransa sharm, nan manyan kifaye ke zuwa zuba ƙwai. A da kowa rige-rigen shiga yake yi, har kifin ya fara ƙarewa, masu ƙananan jirage suka fara barin sana'ar. Shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, shekara biyu yana fama, har suka yi alkawari: wata uku ba mai jefa koma a sharm, kuma za su riƙa zaman gadi bi da bi. A watannin sai su fita can waje, su samo ɗan abin miya.

Na ce, "Baba, teku ai ba ta da ƙofa. Wa zai hana mutum shiga?"

Ya ce, "Ba kowa. Kunyar juna ce ƙofar."

Ban gaji da tambayarsa ba, shi ma bai gaji da ni ba. Ya nuna mini yadda ake gane kifi mai ƙwai da taɓa ciki. Ya ce bayan shekara uku da alkawarin, waɗanda suka jingine jiragensu suka dawo ruwa. Abu ɗaya ne na ga yana damunsa. Ya taɓa cewa, "Ina tsoron don ganin idona suke haƙuri." A ranar gadinsa ya cika, saura wata guda a buɗe sharm.

Masuntan suna da wata al'ada: in ɗayansu ya rasu, sai su fita tare, duk abin da suka kama su kai gidan makoki a ciyar da masu gaisuwa. An yi wa Baba salla a Harami. Rana ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, ba kifi. Mata suka fara magana ƙasa-ƙasa. Wata ta ce, "Shekara nawa yana musu wahala, ko jela ba su aiko ba?"

Rana ta uku bayan la'asar suka iso, da buhun shinkafa kawai. Ammu Bashir ya tsaya bayan labule ya yi wa Umma, surukata, gaisuwa. Ina gefenta.

Ya ce, "Hajiya, mun zo da kunya. Mun fita waje kwana biyu, abin da muka samu bai isa a sa a gaban baƙi ba. Wasunmu suka ce a shiga sharm sau ɗaya tak, ai don shi ne. Wallahi har mun tura jirage ruwa. Sai muka zo daidai rumfarsa, aka rasa wanda zai fara wucewa."

Umma ta ce, "Bashir, da kun shigo mini da kifin sharm, da yau ne zan ce Malam ya mutu. Wa ke gadi yanzu?"

"Mun bar mutum biyu, Hajiya."

"To a dafa shinkafar."

Haka muka ci ta da mai da albasa. Ina ci ina tuna tsoron nan nasa, ina cewa da ma ya ji.

Allah Ya jiƙan Baba Sale, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Umma da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Masuntan da ya bari kuma, Allah Ya riƙa musu alkawarinsu, Ya cika komarsu ranar da suka buɗe sharm. Amin.