Rigar Da Ba A Yanke Wa Wuya Ba

Shekara hamsin ke nan da rasuwar maigidana, Malam Alasan tela na unguwar Moshi Zongo a Tamale. Ni ban yi boko ba. Ina faɗi ne, jikata Habiba tana rubutawa.

A shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, ana ta kiɗa a Tamale, sai wata mura ta shigo gari. Ta bi gida gida. Ta kwantar da ni na tashi, ta kwantar da shi bai tashi ba. Ya bar ni da ɗanmu Sule a goye.

Malam yana da wata al'ada. In ya ɗinka rigar batakari, ba ya yanke wuyanta sai mai ita ya zo ya tsaya gabansa, ya dubi kafaɗarsa, sannan ya sa almakashi. Ta ƙarshe da ya ɗinka ta babban mutum ce, wai ta Sule, in ya yi gemu. Na naɗe ta a ƙasan adaka. Sule ya yi gemu, gemun ya yi furfura. Ya roƙa, ya sake roƙa, na hana. Zuciyata ba ta yarda ƙarfe ya taɓa abin da hannun Malam ya taɓa ƙarshe ba.

Habiba, 'yar Sulen, aikinta binciken ƙwayoyin cuta. Rannan muna shan koko na tambaye ta yadda mura ke kayar da ƙato.

Ta ce, “Kaka, ita ma ƙwayar riga gare ta, kuma a ɗinke ruf ake yin ta. Ba ta iya shiga naman jiki sai an tsaga rigar a wuri guda. Ita kuwa ba ta da almakashi. Na jikinmu take ara, wanda Allah ya ajiye a maƙogwaro da huhu don amfanin kanmu.”

Na ce, “Ke, ja'ira, ashe da almakashinsa aka yi masa?”

Ta ce, “Da nasa, Kaka. Amma da babu shi, jikin ma ba zai yi aiki ba.”

Da Malam yana nan, da ya yi dariyar nan tasa, ya ce ashe cuta ma tela take nema. Da babura da fitilun da suka cika Tamale yau ba za su dame shi ba. Abin da zai tambaye ni ɗaya ne: don me ɗansa bai sa rigarsa ba?

Ranar Juma'ar da ta wuce na aika unguwar Kasalgu aka kira Sule. Na ciro rigar daga adaka, na ce ya tsaya gabana. Na dubi kafaɗarsa, ta ubansa ce sak. Habiba ta riƙe mini gefe, na yi bisimilla na yanke wuyan.

Rigar ta ɗan matse shi a ciki. Haka ya tafi masallaci da ita.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.